Buhun Yamma

Shekara talatin da ɗaya a gidan wayar Kafanchan
ina dangwala hatimi a kan sunan garin nan,
ina jefa shi buhun yamma.
Na san Ƙofar Rini, na san Taramniya
yadda makaho ya san kuɗi, da yatsa.
Da fansho ya fito na ce, bari ƙafa ta je
inda hannu ya daɗe yana aike.

Rana ce ta fara tarbata a tasha,
ta ɗora mini tafi a ƙeya, ba ta ɗauke ba.
Labbo mai keke ya dubi jakata, ya dubi takardata:
"Baƙo, mi kaka biɗa?"
Na ce ƙofofi.
Ya ce ganuwa ta kwanta tun zamanin kakanni,
sunaye ne ba su yarda sun kwanta ba.

A Hubbare na tuɓe takalmi,
ƙasa ta gasa mini tafin ƙafa, na haɗiye.
Wata tsohuwa daga Doso tana roƙo da Zabarmanci,
wani dattijon Ilori ya sunkuya gefenta,
ba mai jin bakin wani,
amma amin ɗinsu ta faɗi wuri ɗaya.
Ni da na zo kallo
sai na tarar da hannuwana a sama.

Gidan tarihi.
Yara 'yan makaranta sun yi wa takubba dafifi,
ni kuwa na maƙale gaban gilashi:
wasiƙu ne, tawada ta koma kalar goro,
ba kan sarki, ba lambar akwati.
Wani ne ya soke su a hula
ya taka sahu kwana arba'in.
Ba a rubuta sunansa ba.
Na yi masa gaisuwar abokin aiki.

A shiyar madunka an shanya jar fata kamar kilishi.
Na taya alabe, aka yi mini tsada, na saya,
na san an ci ni, ban ji zafi ba.
A kasuwa Nnadozie mai kayan babur
ya gyara mini Hausa:
"Ba fura ba, Baba, hura!"
Nan aka yanke masa cibi, in ji shi,
nan kuma ya binne uwa.
Iya Risika ta zuba mini amala da yaji mai sa tuba,
Agali Buzu ya wanke shi da shayi kofi uku,
bai tambaye ni garinmu ba sai a na ƙarshe.

Akwai adireshi guda da ban rubuta ba don na haddace:
Malama Ige, bayan famfo, kusa da mai niƙa.
Duk ƙarshen wata, shekara tara,
rubutu ɗaya mai karkata hagu.
Daga nan shiru.
Mun zaga lungu huɗu, ni da Labbo.
Famfon babu. Mai niƙa ya koma cajin waya.
Wani tela ya ce Ige uku ya sani,
wacce nake nufi?
Ban sani ba.
Ban taɓa buɗe wasiƙar mutum ba.

Da la'asar muka gangara Kwalkwalawa.
Rima na tafiya a hankali kamar mai bin bashi,
raƙuma biyu sun haye gada da albasa,
mata na juya kifi a mai,
hayaƙin ya bi ni har masauki.

Washegari na nemi gidan waya.
Ma'aikaci ɗaya, fanka ɗaya, tattabaru a rufi.
Na sayi kan sarki, na lasa,
na rubuta sunana da akwatina a baya.
A ciki layi biyu kawai:
Na je, na gani.
Garin ya fi ambulan girma.

Ya buga hatimin, na ji ƙarar har haƙori.
Yanzu ina kujerar gaba, mota na jiran mutum biyu.
Za mu gani, ni da ita,
wa zai riga wani isa gida.